Kiɗan Finafinan Kirsimeti: Murna Muke Ji a Cikinsa ko Kewa?

Ɗan Wusasa (Leeds, Ingila):

Jama'ar zaure, manya da ƙanana, ina gaishe ku da fatan kowa yana lafiya. Tunda kiɗa da waƙa ne suka tara mu a nan, na ga ya dace in kawo wata magana da ta daɗe a raina, musamman yanzu da watan Disamba ya kama. Shekara 9 ke nan ina zaune a wannan ƙasa, kuma ina da wani ɗan akwati cike da faya-fayan kiɗan finafinan Kirsimeti wanda ba na buɗe shi sai ranar 1 ga Disamba, sannan da an shiga makon farko na Janairu sai in rufe shi in mayar saman kabad, ba na sake taɓa shi sai baɗi idan Allah ya kai rai. Matata ta sha tambayata abin da ya hana ni sauraron su a watan Yuni tunda ina son su haka, amsata kuwa kullum ita ce ba sa yi mini daɗi a Yuni.

Ga abin da nake so mu tattauna. Mutane sun ɗauka waɗannan waƙoƙi na murna ne, ni kuwa da na daɗe ina sauraron su sai na lura cewa waɗanda suka fi daɗewa a bakin jama'a na kewa ne. Ku ɗauki "White Christmas", wadda Bing Crosby ya rera a fim ɗin Holiday Inn na 1942, har ta ci lambar Oscar ta waƙar fim. Wanda ya rubuta ta, Irving Berlin, Bayahude ne da aka haifa a daular Rasha a 1888, iyayensa suka yi hijira da shi zuwa New York yana ƙaramin yaro, wato Kirsimeti ba bikin gidansu ba ne. Ban da wannan, ɗansa ya rasu yana jariri a ranar Kirsimetin 1928. An fara jin waƙar a rediyo ranar 25 ga Disamba 1941, kwana 18 bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor, kuma sojojin Amurka da aka tura bakin daga ne suka riƙa roƙon a sa musu ita har ta gama duniya. An ƙiyasta cewa an sayar da faifanta kimanin miliyan 50. Babu rawa a cikinta, babu shewa, mutum ne kawai yake tuna wani wuri da ya yi masa nisa.

Haka waƙar Kirsimetin da Judy Garland ta rera a fim ɗin Meet Me in St. Louis na 1944, wadda a cikin labarin yarinya ce take lallashin ƙanwarta domin iyalinsu za su bar garin da suka taso. Baitocin da aka fara rubutawa sun yi baƙin ciki da yawa, har Garland ta ƙi rera su sai da aka sassauta. Ni idan na sa waɗannan faya-fayai da dare, hazon Zariya nake gani, da mahaifiyata tana suya a tsakar gida tun asuba. Shin ku ma haka kuke ji, ko baƙunta ce ta sa ni nake jin abin da babu shi a cikin kiɗan?

Malam Mai Alli (Kano):

Ɗana, sannu da wannan bayani, na ƙaru da tarihin da ka kawo. Ni Musulmi ne, kuma sanina da wannan kiɗa bai wuce abin da na ji a talabijin tare da jikokina ba, waɗanda ba sa gajiya da fim ɗin yaron nan da aka manta shi a gida. Amma na koyar da adabi shekara 31 kafin in yi ritaya, don haka bari in ce wani abu.

Ka yi tambaya, kuma ina ganin ka amsa ta da kanka a layinka na ƙarshe. Hausawa sun ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Kewar da kake ji taka ce, daga Zariya ka tafi da ita, kiɗan kuwa mazubi ne da ka samu ka zuba ta. Dalilina shi ne, waƙoƙin nan duk maganar dusar ƙanƙara suke yi, da murhu a cikin falo, da keken da dawaki ke ja a kan ƙanƙara, alhali ba ka taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba a lokacin da kake yaro. Ta yaya waƙa za ta tuna maka abin da ba ka taɓa rayuwa a cikinsa ba? Ni idan na ji kakaki da algaita ranar hawan Daushe, mahaifina nake tunawa yana riƙe da hannuna a Ƙofar Kudu, hawaye kan zo mini, amma babu wanda zai ce mai busa kakakin baƙin ciki yake busawa. Kirarin sarki yake yi. Lokacin ne ya ɗaura wa sautin abin da nake ji.

'Yar Kanti (Birmingham):

Baba Malam, ina wuni. Yaya Ɗan Wusasa, ni kam ina so in kawo ɓangaren da ba ka taɓo ba, domin kai kana da ikon rufe akwatinka, ni kuwa ba ni da shi. Ina aiki a wani babban kanti, kuma tun daga makon farko na Nuwamba ake fara sa mana jerin waƙoƙin lokacin, waɗanda ba su wuce talatin ba, suna zagayawa daga buɗe ƙofa zuwa rufewa. Kafin a kai ranar bikin, na ji kowace ɗaya sau ɗaruruwa, kuma na sha komawa gida da ciwon kai waƙar tana ci gaba da yi mini amo a kunne har a kan gado. Zuma ce, amma idan aka ɗura maka ita kullum sai ta gundure ka.

Masu kantin ba don kewar kowa suke sa su ba. Suna sa su ne domin mai saye ya tuna cewa lokaci ya ƙarato, ya ƙara abin da zai jefa a kwando. Kuma kuɗin da ke cikin harkar ba kaɗan ba ne. Waƙar Kirsimetin Mariah Carey ta fito a 1994, amma ba ta hau matsayi na ɗaya a babban jadawalin waƙoƙin Amurka ba sai a Disamba 2019, bayan shekara 25, lokacin da saurare ta intanet ya zama abin da ake ƙirgawa. Ta ƙungiyar Wham! kuwa ta fito a 1984, ba ta zama ta ɗaya a nan Birtaniya ba sai a farkon Janairu 2021, bayan mawaƙin, George Michael, ya riga ya rasu. Waƙa ɗaya tana ciyar da mai ita da magadansa duk shekara, shi ya sa kowane mawaƙi a nan yake ƙoƙarin fitar da kundin Kirsimeti ko da ba shi da abin faɗa. Ina girmama abin da kake ji, Yaya, amma daga inda nake tsaye kasuwa nake gani.

Maman Ladi (Jos):

Salama gare ku duka. Ni ƙorafina ya bambanta da na 'yar'uwata ta Birmingham, ko da yake na tausaya mata ƙwarai. Shekara 22 ina cikin zumuntar mata a majami'armu, kuma abin da ke damuna shi ne yadda kiɗan finafinan nan ya ture waƙoƙin sujada a kunnen yaranmu. Ka tambayi yaro waƙar Kirsimeti, sai ya kama rera maka "Jingle Bells", wadda aka wallafa a Amurka a 1857, kuma daga farkonta har ƙarshe babu inda ta ambaci Kirsimeti, balle haihuwar Almasihu. Waƙar hawan keken ƙanƙara ce kawai.

Ɗan'uwana na Wusasa, kai ka fito daga garin da ya daɗe da Littafin Waƙoƙi a hannu, ka san abin da nake nufi. Waƙar daren shiru da muke rerawa da Hausa a daren 24 ga wata, wani limamin coci mai suna Joseph Mohr ne ya rubuta ta, wani malamin makaranta mai suna Franz Gruber ya sa mata karin murya, aka fara rera ta a ƙauyen Oberndorf na ƙasar Ostiriya a 1818 da jita guda ɗaya. Ba ta buƙaci kamfanin fim ba kafin ta ratsa duniya. Idan mu mata muka jeru da tulu da kacau-kacau muna rerawa, tsofaffi suna amsawa daga kujerun baya, wannan shi ne Kirsimeti a wurina. Ban ce a daina kallon fim ba, amma kada a kira waƙar sanyi da suna waƙar bikin haihuwar Mai Ceto, domin abubuwa biyu ne daban.

Ɗan Wusasa (Leeds, Ingila):

Na gode muku, kowa ya ba ni abin tunani. Baba Malam, na karɓi rabin maganarka, amma ka ba ni izini in riƙe rabin. Gaskiya ne ban san dusar ƙanƙara ba ina yaro. Sai dai waƙar Berlin tana da wani baiti na buɗewa wanda yawanci ake tsallakewa, kuma a cikinsa mai waƙar yana zaune ne a yankin Los Angeles, rana tana haskawa, itatuwan lemo suna kaɗawa, shi kuma yana begen arewa inda ake sanyi. Wato tun asali waƙar baƙo ce, wanda yake wurin da bikin bai yi masa kama da na gida ba. Haka kuma "The Christmas Song" da Nat King Cole ya rera a 1946, Mel Tormé da Bob Wells sun rubuta ta ne a tsakiyar zafin bazarar 1945 a Kalifoniya. Su kansu marubutan abin da babu shi a gabansu suke kira. Shi ya sa nake ganin kewar tana cikin ginin waƙar, ni dai na sauya mata gari ne kawai: su suna nufin ƙanƙara, ni ina nufin hunturu.

Mama, maganarki ta shige ni, kuma ba na jayayya cewa sujada daban, nishaɗi daban. Amma ba duk finafinan ne suka juya wa asalin bikin baya ba. A shirin zane na Charlie Brown da gidan talabijin na CBS ya nuna a Disamba 1965, akwai inda komai ya tsaya cik, wani yaro ya fito ya karanta labarin makiyaya daga Luka sura 2, kuma labarin shirin gaba ɗaya kuka ne a kan yadda ciniki ya cinye bikin, irin kukan da ke da ƙanwata ta Birmingham kuke yi. Kiɗan fiyano da Vince Guaraldi ya yi wa shirin yana cikin faya-fayan da na fi so, a hankali yake tafiya kamar mai tunani.

Ƙanwata, abin da ake yi muku a kanti shi ne ainihin abin da akwatina yake kare ni daga gare shi. Allah ya ba ki haƙuri zuwa Janairu.

Mai Haɗa Sauti (Kano):

Ina gaida manya. Ni sana'ata ce haɗa sauti a ɗakin ɗaukar waƙa, don haka bari in shiga tsakanin Baba Malam da Yaya Ɗan Wusasa ta fuskar aiki, domin akwai abin da kunne ke ji wanda ba baiti ba ne kuma ba tunanin mai saurare ba ne.

Akwai wasu sautuka da masu tsara kiɗan fim suke amfani da su, waɗanda da zarar an ji su an san lokacin da ake nufi. Na farko ƙananan ƙararrawa ne irin waɗanda ake ratayawa a kayan doki. Na biyu muryoyin yara a haɗe. Na uku wani abin kiɗa ne mai suna celesta, wanda a ido kamar ƙaramin fiyano yake, amma a cikinsa 'yan guduma ne suke bugun faranta na ƙarfe, sautin ya fito siriri kamar ana taɓa gilashi. Auguste Mustel ne ya ƙera shi a Paris a 1886, kuma Tchaikovsky ya yi amfani da shi a wasan rawa na The Nutcracker da aka fara nunawa a St. Petersburg a 1892, wanda labarinsa a jajiberin Kirsimeti yake faruwa. Tun daga nan kunnen Turawa ya haɗa wannan sauti da wannan lokaci. Da John Williams ya zo tsara kiɗan Home Alone a 1990, fim ɗin da jikokin Baba suke so, waɗannan kayan uku ya ɗauko, kuma kiɗan da babbar waƙar fim ɗin duk sun shiga takarar Oscar.

Ku sake kallon wurin da yaron ya shiga coci da yamma. Mawaƙa suna gwaji, ya zauna kusa da tsohon maƙwabcinsa da yake jin tsoro, sai ya gano cewa tsohon ya zo ne ya saurari jikarsa daga nesa domin sun ɓata da ɗansa. Muryoyin suna ƙasa-ƙasa a bayan hirar. Da yaron ya tashi zai koma tsare gida, mawaƙan suka kama wata waƙa mai sauti huɗu da ke maimaituwa, sai makaɗa suka karɓe ta da ganguna suka mayar da ita kiɗan shirin yaƙi. Waɗannan sautuka huɗu ma ba na Amurka ba ne. Daga waƙar Shchedryk suke, wadda Mykola Leontovych na ƙasar Yukren ya tsara, aka rera a Kyiv a 1916, kuma maganar tsattsewa take yi da ta zo yi wa maigida albishir ɗin shekara mai albarka. Sai a 1936 aka sa mata baitocin Turanci na ƙararrawa.

Abin da nake nufi shi ne, mai tsara kiɗan ya san abin da yake so ka ji, kuma ya auna shi daƙiƙa bayan daƙiƙa. Don haka Baba, mazubin da ka ambata ba fanko aka miƙo shi ba. Wannan ne kuma bambancin kundin fim da jerin da ake sa wa 'yar'uwarmu a kanti: kundin fim yana da farko da tsakiya da ƙarshe, akwai wurin tsoro, akwai wurin shiru, sannan murna ta zo bayan an wahala. Jerin kanti kuwa an tsince wuraren shewa ne kawai aka jera, kamar a ba ka miya cokali talatin babu tuwo.

Gimbiyar Zongo (Kumasi):

Ina gaida kowa daga Gana. Kun yi ta maganar Amurka da Ingila, amma a nan yankinmu duk wanda ya girma a shekarun 1980 da 1990 ya san cewa Disamba ba ya shigowa sai an ji Boney M daga shagon masu sayar da kaset. Kundinsu na Kirsimeti ya fito a 1981, kuma har yau idan ka ratsa kasuwar Kejetia a wannan wata sai ka ji shi daga wani lungu. Na biyunsa shi ne kundin Jim Reeves na 1963, wanda iyayenmu suke so saboda sanyin muryarsa, ga shi mutumin ya rasu a haɗarin jirgin sama tun 1964.

Mu a gidanmu Musulmi ne, ba ma bikin, amma maƙwabtanmu suna yi, suna aiko mana da shinkafa mu ma mu aika musu da nama ranar Layya, kuma wannan kaset ɗin shi ne sautin hutun makaranta a wurina. A nan nake ganin Yaya Ɗan Wusasa ya faɗaɗa maganarsa fiye da kima. Boney M a Jamus ta Yamma aka kafa su, amma mawaƙan 'yan asalin yankin Karibiyan ne, babbar muryarsu Liz Mitchell a Jamaika aka haife ta, kuma waƙarsu ta 1978 a kan haihuwar ɗan Maryamu kiɗan rawa ce tsantsa. Babu kewa a cikinta ko kaɗan, kuma ta daɗe kamar yadda ta Crosby ta daɗe. Wataƙila masu sanyi ne suke bikinsu da tagumi, mu masu rana muna yin namu a tsaye.

Ɗalibin Alƙahira:

Assalamu alaikum. Ina goyon bayan Anti Gimbiya, kuma ina da misali daga inda nake karatu, domin kada a ɗauka Kiristocin Yamma ne kaɗai suke da waƙar fim da ta zama alamar biki. A Masar, da zarar an sanar da ganin watan Sallah, gidajen rediyo da talabijin sukan sa "Ya Lailatal Id" ta Ummu Kulsum, wadda Ahmad Rami ya rubuta, Riyad al-Sunbati ya yi mata kiɗa, kuma tarihinta yana haɗe da fim ɗinta Dananir na 1940. Mawaƙiyar ta rasu tun 1975, amma yaron da aka haifa jiya ya san cewa idan ya ji wannan murya gobe Idi. Haka idan azumi ya ƙarato, akwai tsohuwar waƙar Muhammad Abdul Muɗɗalib ta maraba da Ramadan da ake ji a kowane shago tare da fitilun fanus. Duka biyun farin ciki ne a fili.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne namu. Mawaƙanmu suna fitar da waƙoƙin barka da Sallah duk shekara, masu finafinai ma suna ajiye manyan ayyukansu sai lokacin Sallah, amma ta bana tana ture ta bara, ta baɗi kuma za ta ture ta bana. Me ya sa Misirawa suka riƙe waƙa ɗaya fiye da shekara 80, mu kuwa muke sauyawa kamar ɗinkin Sallah?

Baƙo a Zaure:

Ku gafarce ni, ni sabo ne a nan. Shin ya halatta Musulmi ya riƙa sauraron waɗannan waƙoƙi na bikin da ba nasa ba?

Mai Kula da Zaure:

Barka da zuwa, ɗan'uwa. Tambayarka tana da muhimmanci, amma amsarta tana wurin malamai, kuma kowa ya san malamin da yake komawa gare shi. A wannan zaure akwai Musulmi akwai Kirista, kuma abin da muke dubawa shi ne yadda aka gina kiɗa da yadda yake aiki a zukatan mutane. Mu ci gaba a kan haka cikin mutunta juna kamar yadda aka faro.

Mai Haɗa Sauti (Kano):

Ɗalibinmu na Alƙahira, zan amsa maka daga abin da nake gani a wurin aiki. Mawaƙi yakan zo mana saura mako biyu Sallah yana so a gama masa waƙa cikin kwana uku, a kan fiyano ɗaya, kuma rabin baitocin gaisuwa ce ga waɗanda suka ɗauki nauyin aikin. Waƙar da aka cika da sunayen mutanen bana ba za ta yi amfani baɗi ba. Sannan mawaƙin ba ya samun wani abin kirki idan aka sake sa tsohuwar waƙarsa, saboda haka ribarsa tana cikin sabuwa. A can kuwa, kamar yadda 'yar'uwarmu ta Birmingham ta nuna, tsohuwar waƙa gona ce da ake girbe ta duk shekara, shi ya sa suke tattalinta. Crosby ma sai da ya sake ɗaukar waƙarsa a 1947, domin asalin faifan da ake buga sauran daga jikinsa ya gaji saboda yawan aiki, kuma ya yi ƙoƙari ta fito daidai da ta farko don kada masu saurare su ji bambanci.

Malam Mai Alli (Kano):

Mai Haɗa Sauti, Allah ya yi maka albarka, ka gamsar da ni cewa mai kiɗan yana da nasa kason a cikin abin da ake ji, na janye kalmar mazubi. Amma ɗana na Alƙahira, kada ka ce ba mu da abin da ke dawowa. Muna da shi, sai dai ba a faifai yake ba. Idan azumi ya kai kwana goma yara suka fito tashe, waƙoƙin da suke yi su ne waɗanda na yi ina yaro, kuma su ne mahaifina ya yi. Tamburan fada, da bushe-bushen hawan Sallah, da kirarin da ake yi wa kowane hakimi idan ya zo jafi, duk ba sa sauyawa, kuma ba a jin su a haɗe haka sai lokacinsu ya zo. Wannan ita ce dokar akwatin Ɗan Wusasa, mu al'ada ce ta rufe mana namu akwatin.

Damuwata ita ce tashe yana raguwa a cikin birni, yara sun fi sanin abin da ke cikin waya. Turawa sun zuba nasu a fim da faifai, ya zama ko an bar al'adar a titi tana nan a ajiye. Ina roƙon ku masu ɗakunan ɗaukar sauti, wani ya ɗauki na'ura ya bi yaran unguwa a azumi mai zuwa, ya kuma nemi izinin makaɗan fada, a ɗauki abin da kyau yadda jikokinmu za su same shi. Idan ana buƙatar wanda zai rubuta baitocin da bayaninsu, ni ina da lokaci.

Mai Haɗa Sauti (Kano):

Baba, na karɓa. Zan turo maka saƙo ta gefe mu tsara, domin ɗaukar sauti a titi da dare yana buƙatar shiri tun kafin watan ya tsaya.

Maman Ladi (Jos):

Ɗan'uwana na Wusasa, na sa Ladi ta nemo mini wurin karatun Luka da ka ambata, na kalla, kuma na yarda cewa wanda ya shirya shi ya san abin da bikin yake nufi. Har yanzu ina kan bakana game da sauran, amma wannan ɗaya zan bar jikokina su gani. Ranar Alhamis muna da gwajin waƙa a majami'a, zan sa a ɗaukar maka a waya in turo, ka ƙara a cikin akwatinka.

Ɗan Wusasa (Leeds, Ingila):

Mama, wannan kyauta ta fi duk abin da ke cikin akwatin, ina roƙo a matso da wayar kusa da mai buga tulu domin shi na fi kewa. Anti Gimbiya da ɗalibinmu, na yarda akwai na rawa da suka daɗe, kuma kaset ɗin Boney M ma yana gidanmu a Zariya, na manta da shi ne domin ba shi nake nema ba idan dare ya yi a nan.

Wasu sun tambaye ni ta gefe inda za su fara. Wanda yake son kiɗa zalla ya nemi The Snowman, ɗan gajeren fim ɗin zane da tashar Channel 4 ta fara nunawa a Disamba 1982. Bai kai rabin awa ba, babu hira a cikin labarin, kiɗan Howard Blake ne yake ba da shi tun daga farko har zuwa safiyar da yaron ya fito ya tarar abokin nasa ya narke. A saurare shi a zaune, kada a tsallake komai. Mama kuma, ranar 24 ga wata BBC za ta watsa sujadar waƙoƙi da karatu tara daga King's College a Cambridge, wadda aka faro a 1918 aka kuma fara watsawa a rediyo a 1928. Yaro ɗaya ne yake buɗe ta da muryarsa shi kaɗai, kuma ba a gaya masa shi aka zaɓa sai dab da farawa. Ƙarfe 3 na yamma ne a nan, wato ƙarfe 4 a Jos, kafin ku fita sujadar dare.